Darasin Kimiyya: Yadda Ƙararrawar Lantarki Ke Gadin Ƙofa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son kowane ɗalibi ya iya abu huɗu: ya bayyana mece ce da'irar lantarki; ya faɗi yadda wuta ke kaɗa ƙararrawa; ya bambance tsarin buɗaɗɗiyar da'ira da na rufaffiya, ya kuma kawo dalilin da ya sa ɗaya ya fi ɗaya aminci; sannan ya haɗa ƙaramar ƙararrawar ƙofa da hannunsa.

Gabatarwa

Kowannenku ya taɓa ganin mai shago zai tashi daga kasuwa da almuru. Ya ja ƙyaure, ya zura sakata, ya danna kwaɗo, ya jijjiga shi sau biyu don ya tabbatar, ya yi addu'a, ya kama hanyar gida. To, daga wannan lokaci har gari ya waye, me kwaɗon nan zai iya yi? Abu ɗaya ne tak: ya ɓata wa ɓarawo lokaci. Kwaɗo ba shi da baki. In an sa masa guduma ko zarto, shiru zai yi har a gama da shi.

Maƙeran kuba sun daɗe da gane wannan rauni. A shekarar 1818 wani mutumin Ingila mai suna Jeremiah Chubb ya ƙera kubar da ke cijewa da zarar an zura mata baƙon makulli ko waya. Idan mai gida ya dawo ya tarar ta cije, ya san wani ya taɓa ta. Wannan ci gaba ne, amma labarin yana zuwa ne bayan ɓarawo ya yi nisa. Kuma a 1851, lokacin babban baje kolin da aka yi a birnin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe kubar Chubb ɗin a gaban shaidu ba tare da makullinta ba. Tun daga nan ya bayyana cewa duk kubar da hannu ya ƙera, hannu zai iya buɗe ta in ya sami lokaci da shiru. Aikin ƙararrawa shi ne ta hana ɓarawo waɗannan abubuwa biyu. Yau za mu ga yadda take yin haka.

1. Da'irar lantarki

Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar da za ta fita daga batir ta kai ɗaya, ta zagaya, ta komo ta ɗaya kan. Wannan zagayayyiyar hanya ita muke kira da'ira. Ku dubi tocila: akwai batir, akwai ƙwan fitila, akwai ƙarfen da ya haɗa su, akwai makunni. Makunni ba wani abu ba ne illa ƙarfe biyu da ke haɗuwa su rabu. In sun haɗu, hanya ta cika, fitila ta kama. In sun rabu, hanya ta yanke, fitila ta mutu.

A nan ne ɗalibai da yawa ke rikicewa, don haka ku natsu. Ƙofa idan a buɗe take ake wucewa. Da'ira kuwa akasin haka ce: *rufaffiyar da'ira* ita ce wadda ba ta da giɓi, wuta tana gudana a cikinta, *buɗaɗɗiyar da'ira* ita ce mai giɓi, wuta ba ta wucewa. Ku rubuta wannan a littafinku, domin duk darasin yau a kansa ya tsaya.

Akwai ma'auni uku da za mu riƙa amfani da su. Ku kwatanta wuta da ruwan da ke bin tiyo. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne kwatankwacin *bolt*. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne kwatankwacin *amfiya*. Ƙuncin tiyon da ke rage gudun ruwan shi ne turjiya, wadda ake aunawa da *om*. Bajamushen masani Georg Ohm ya fitar da dangantakarsu a 1827:

amfiya = bolt ÷ om

Misali: batir mai bolt 12 da aka haɗa da turjiyar om 1,000 zai tura amfiya 0.012, wato miliamfiya 12, tunda miliamfiya 1,000 ne ke yin amfiya 1.

2. Yadda wuta ke kaɗa ƙararrawa

A 1820 Hans Christian Oersted, malamin jami'a a ƙasar Denmak, ya lura cewa allurar kamfas tana juyawa idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. Ma'ana, duk wayar da ke ɗauke da wuta tana da halin maganaɗisu. Bayan 'yan shekaru William Sturgeon a Ingila ya naɗe waya a jikin sandar baƙin ƙarfe, ya ga ƙarfen yana zama maganaɗisu muddin wuta na gudana, yana kuma sakin abin da ya riƙe da zarar ta tsaya. Wannan shi ne maganaɗisun lantarki. Sai Joseph Henry a birnin Albany na Amurka, wajajen 1831, ya shimfiɗa waya mai tsawon kusan mil ɗaya a makarantar da yake koyarwa, ya tura wuta daga wannan kai, ƙararrawa ta buga a wancan kai.

Ga yadda ƙararrawar lantarki ke aiki, mataki mataki:

1. Wuta ta shiga naɗin waya, ƙarfen ciki ya zama maganaɗisu.
2. Maganaɗisun ya fizgo wani fallen ƙarfe mai ɗauke da 'yar guduma, gudumar ta doki ƙararrawa.
3. Fizgowar nan ta raba fallen da wani kan ƙusa da yake jingine da shi, wanda ta nan wuta ke bi. Da'ira ta yanke.
4. Maganaɗisu ya mutu, sifirin ya mayar da fallen mazauninsa.
5. Fallen ya sake taɓa kan ƙusar, wuta ta dawo, aiki ya koma mataki na ɗaya.

Wannan yana maimaituwa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, shi ya sa kunne ke jin ƙara ɗaya mai tsawo. Wato ƙararrawar da kanta take kashe wutarta, da kanta take kunnawa.

3. Asalin ƙararrawar ɓarayi

Wanda ya fara haɗa wannan ilimi da ƙofa har gwamnati ta ba shi takardar mallakar fasaha shi ne Augustus Russell Pope, wani limamin coci a garin Somerville kusa da Boston. An ba shi takardar ranar 21 ga Yuni, 1853. Tsarinsa mai sauƙi ne: ya dasa ƙananan makunnai a ƙofofi da tagogi, ya ja waya daga kowannensu zuwa batir da ƙararrawa. In an buɗe ƙofa ko an ɗaga taga, ƙarafa biyu su haɗu, wuta ta gudana, ƙararrawa ta ɗauka.

A 1857 wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi haƙƙin fasahar. Da ciniki bai yi masa daɗi a Boston ba, sai ya koma birnin New York a 1859, ya riƙa bin masu hali da 'yan kasuwa yana nuna musu na'urar. Daga baya kamfaninsa ya ja wayoyi daga shaguna da bankuna zuwa ofishi guda inda ma'aikata ke kwana suna sauraro, ta yadda ko ba kowa a shago, akwai wanda zai ji. Wayoyin nan sun yi wani amfani da ba a zata ba. A 1877, shekara ɗaya bayan Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar wayar tarho, ɗan Holmes ya haɗa kawunan tarho a kan wayoyin ƙararrawarsu na Boston: da rana a yi magana, da dare su koma gadi. Ofishinsu na Boston na cikin wuraren farko a duniya da aka fara haɗa masu kira da juna.

4. Tsari biyu, da wanda ya fi aminci

Wannan shi ne zuciyar darasinmu.

*Tsarin farko: buɗaɗɗiyar da'ira.* Irin na Pope ke nan. Yayin da ƙofa take rufe, babu wutar da ke gudana. Sai an buɗe ta makunni ke haɗuwa. Alherinsa shi ne ba ya cin batir. Amma ku tambayi kanku: idan ɓera ya ci wayar fa? Idan tsatsa ta kama makunnin? Idan batir ya mutu tun makon jiya? Idan ɓarawo ya hango wayar ya datse ta? A duk waɗannan halaye ƙararrawa shiru za ta yi, kuma shirun nan daidai yake da shirun da take yi idan komai lafiya. Mai gida ba shi da hanyar bambance su. Yana barci da yaƙinin cewa ana gadinsa, alhali babu mai gadi.

*Tsari na biyu: rufaffiyar da'ira.* A nan an juya al'amarin. Yayin da ƙofa take rufe, wata 'yar ƙaramar wuta tana zagayawa dare da rana: daga batir, ta bi makunnin ƙofar gaba, ta bi na ƙofar baya, ta bi na taga, ta komo. Makunnan a jere suke kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya. Ko'ina zaren ya tsinke, wuta ta tsaya, kuma tsayawarta ita ce ke tayar da ƙara.

Ta yaya tsayawar wuta za ta kaɗa ƙararrawa? Da taimakon wata na'ura da masu gyaran mota suka sani sarai, wato *rile*. Rile makunni ne da maganaɗisun lantarki ke sarrafawa. Wutar da ke zagaya ƙofofi tana bi ta naɗin rile, maganaɗisunsa ya riƙe wani fallen ƙarfe, ya hana shi taɓa mahaɗar da'ira ta biyu. Wannan da'ira ta biyu ita ce mai ƙararrawa, kuma tana da nata batirin daban. Da zarar wutar farko ta yanke, maganaɗisu ya saki, sifirin ya ja fallen ya faɗa kan mahaɗa, ƙararrawa ta ɗauka. An buɗe ƙofa, ƙara. An datse waya, ƙara. Batirin da'irar farko ya mutu, ƙara.

Ku kwatanta da masu gadi biyu. Na farko ya ce da mai gida: "In na ga ɓarawo zan yi ihu." Na biyu ya ce: "Zan riƙa busa usur ba fasawa, duk lokacin da ka ji na yi shiru, ka fito." In barci ya ɗauke na farko, ko aka toshe masa baki, ba wanda zai sani. Na biyu kuwa, ko me ya same shi, shirunsa ma saƙo ne. Injiniyoyi suna gina na'urorin tsaron rai a kan wannan ƙa'ida: idan abu zai lalace, to ya lalace ta fuskar da za a ankara. A 1872 William Robinson ya shigar da ita cikin siginar jirgin ƙasa a Amurka, inda wuta ke bin ƙarfen dogo kullum, ta yadda shigowar jirgi ko karyewar dogo duk suna mayar da sigina zuwa alamar tsayawa.

Saura matsala ɗaya. Idan ɓarawo ya shiga da sauri ya mayar da ƙyaure, da'ira za ta sake cika, ƙara ta tsaya bayan daƙiƙa biyu. Maganinta shi ne a bi da wutar naɗin rile ta cikin wata mahaɗa ta jikin rilen kansa. In ya saki sau ɗaya, ya yanke wa kansa hanya ke nan. Ko an rufe ƙofa ba zai sake kamawa ba sai mai gida ya danna maɓallin mayarwa. A na'urorin yau taransista da ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ne ke wannan aiki da wuta kaɗan ƙwarai, amma tunanin bai canja ba.

5. Inda ake dasa makunni a ƙofa da kuba

*(a) Makunnin maganaɗisu.* Shi ne ya fi yawa a duniya. An fito da irin na yau a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka a shekarun 1930. Wani ɗan siririn bututun gilashi ne da aka liƙe bakinsa, a ciki akwai ƙananan harsunan ƙarfe biyu da ke dab da juna ba su taɓa ba. Ana kafa shi a jikin firam, a kafa ɗan maganaɗisu a jikin ƙyaure daidai saitinsa. In ƙofa na rufe, maganaɗisu ya sa harsunan su manne, wuta ta wuce. In ƙyaure ya matsa da santimita ɗaya ko biyu, su rabu. Da yake a cikin gilashi suke, ƙura da laima ba sa kai musu. Sai dai abin da ya sani ɗaya ne: ƙyaure na wurinsa ko ba ya wurinsa. Bai san an kulle ko ba a kulle ba.

*(b) Makunnin sakata.* Wannan ɗan ƙaramin makunni ne mai harshe da ake sawa a cikin kuba, inda sakatar ke danna shi idan makulli ya turo ta waje. Shi kuma abin da ya sani shi ne an murɗa makulli ko ba a murɗa ba. Idan aka haɗa bayaninsa da na makunnin maganaɗisu, na'ura za ta iya bambance hali huɗu:

- Ƙyaure a rufe, sakata a waje: an kulle, lafiya lau.
- Ƙyaure a rufe, sakata a ciki: an turo ƙofa kawai, an manta ba a kulle ba.
- Ƙyaure a buɗe, sakata a ciki: an buɗe ta hanyar kuba.
- Ƙyaure a buɗe, sakata a waje: an ɓalle ƙofa da ƙarfi.

Ku lura da hali na huɗu. Ƙofar da sakatarta ke waje ba ta da dalilin kasancewa a buɗe, sai in an fasa firam ko an banƙare ƙyaure. Makunni ɗaya ba zai gane haka ba. Biyu ne suka haɗu suka ba da shaida.

*(c) Kuba mai kashe ƙararrawa.* Mai gida ma ta ƙofa zai shiga, to yaya za a yi kada ya tayar da unguwa kowace safiya? Tsohuwar dabara ita ce a sa makunni a cikin kubar babbar ƙofa, a haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da makunnin ƙyaure. Idan aka murɗa makulli aka buɗe, makunnin kuba ya haɗu, ya ba wuta wata hanya ta ratse, don haka buɗe ƙyaure ba ya yanke da'ira. Idan aka kulle, hanyar ratsen ta yanke, gadi ya dawo. Daɗin wannan tsari shi ne ba a mantuwa: kullewa ita ce kunnawa. Illarsa kuwa babba ce. Duk wanda ya sami makullin, ko ya kai aka yanka masa irinsa, ko ya iya buɗe kubar da dabara irin ta Hobbs, ya buɗe ƙofa ya kuma rufe bakin ƙararrawa a lokaci guda. Saboda haka na'urorin zamani suke raba aikin biyu: makulli ya buɗe ƙofa, sannan a ba mai shigowa ɗan jinkiri, galibi kamar daƙiƙa 30, ya danna lambobin sirri. In bai danna ba, jiniya ta tashi. Ɓarawo sai ya mallaki abin da ke aljihunka da abin da ke kanka.

*(d) Kwaɗo mai jiniya.* Za ku gan shi a kasuwa, ana sa shi a shago ko a tayar babur. A cikinsa akwai ƙananan batura, da na'urar jin girgiza, da 'yar jiniya. Yawancin irin waɗannan jiniyoyi suna aiki da wani hali da 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880 da 1881: akwai duwatsun da in an matse su suke fitar da 'yar wuta, in kuma an ba su wuta suke motsi. Idan aka riƙa ba fallen irin wannan abu wuta ana ɗaukewa sau dubbai a daƙiƙa, sai ya yi ta karkarwa ya fitar da ƙara mai tsinin gaske. Fifikon wannan kwaɗo shi ne yana kuka tun ana dukansa, kafin a kai ga buɗewa. Rauninsa shi ne na mai gadin farko: ranar da baturansa suka mutu, ya koma kwaɗo bebe ba tare da ya yi sallama ba.

6. Rezistar ƙarshen layi

Rufaffiyar da'ira ta magance datse waya. To idan wayoyin biyu da suka tafi ƙofa suka haɗu da juna a tsakiyar hanya fa, ko don ƙusa ta huda su, ko don wani ya haɗa su da gangan? Wuta za ta yi ratse ta komo ba tare da ta kai ƙofa ba, na'ura ta ɗauka komai lafiya.

Maganin ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, wato rezista, mai turjiya sananniya. Ana sa ɗaya a can jikin makunnin ƙofa a jere da shi, a sa ta biyu kafaɗa da kafaɗa da makunnin. Yanzu na'ura ta daina tambayar "akwai wuta ko babu?" ta koma tambayar "wuta nawa ce?" Mu yi lissafi mai sauƙi da bolt 12 da rezistoci biyu masu om 4,700 kowacce:

- Ƙofa a rufe: wuta ta bi rezista ɗaya. 12 ÷ 4,700 = kimanin miliamfiya 2.6. Lafiya.
- Ƙofa a buɗe: makunni ya rabu, dole wuta ta bi duka biyun. 12 ÷ 9,400 = kimanin miliamfiya 1.3. An shigo.
- An datse waya: sifili. An taɓa layi.
- Wayoyi sun haɗu a hanya: turjiya ta kusa ɓacewa, wuta ta yi sama fiye da ƙima. An taɓa layi.

Waya biyu kacal, amma labari huɗu. Sharaɗin shi ne rezistocin su zauna a can ƙarshen layi, wurin ƙofa. Mai haɗin da ya ɗaure su a cikin akwatin na'ura don neman sauƙi ya bar duk tsawon wayar babu gadi.

7. Batir, ƙara, da yanayin ƙasarmu

Ƙararrawar da ta dogara da wutar gari kaɗai ba ta da amfani a inda ake ɗauke wuta, domin duhu shi ne abokin tafiyar ɓarawo. Shi ya sa akwatin na'ura ke ɗauke da batir mai caji, galibi mai bolt 12 da ƙarfin amfiya-awa 7. Lissafinsa: in na'urar tana shan amfiya 0.25, to 7 ÷ 0.25 = awa 28 a kan takarda. A aikace bai kai haka ba, musamman in batirin ya kwana biyu. Zafi ma yana cin irin wannan batir mai dalma: ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin shekarunsa. A Kano, Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kada a kafa akwati dab da rufin kwano.

Ana auna ƙara da *desibel*. Hira ta yau da kullum kusan 60 ce. Jiniyoyin ƙofa da yawa suna kai wa 110 a tazarar mita ɗaya. A fili, duk ninka tazara yana rage kusan 6: mita 2, 104; mita 4, 98; mita 8, 92; mita 16, 86; mita 32, 80. Bango da ƙyaure suna ƙara ragewa. Don haka a ɗaga jiniya sama, inda hannu ba ya kai wa, ta fuskanci wajen da mutane suke kwana.

Sauran abubuwan lura uku ne. Ƙofar ƙarfe, wadda ta fi yawa a shagunanmu, tana shanye ƙarfin maganaɗisu, don haka sai an sa ɗan roba a ƙarƙashinsa ko an nemi babba. Ƙyauren katako yana kumbura da damina ya motse da hunturu, saiti ya goce. Ƙurar hunturu kuma tana cika ramin sakata. Kowane ɗaya daga cikinsu na iya sa ƙara ta tashi babu ɓarawo, kuma ƙararrawar da ta saba tayar da maƙwabta a banza, ranar gaskiya ba mai fitowa. A gwada na'ura aƙalla sau ɗaya a wata.

8. Gargaɗi

Ina so ku ji wannan da kyau. Kada wani a cikinku ya taɓa haɗa wutar gari da hannun ƙofa, ko kwaɗo, ko ƙarfen taga da sunan maganin ɓarawo. Wutar gidajenmu bolt 220 zuwa 240 ce, kuma miliamfiya 50 zuwa 100 kawai, in ta ratsa ƙirji, tana iya hargitsa bugun zuciya har a rasa rai. Wuta ba ta san fuska ba. Wanda zai fara taɓa ƙofar da asuba yana iya zama ƙaninka, ko almajiri, ko mahaifiyarka. Haka nan duk abin da aka ƙara wa kuba, dole na cikin ɗaki ya iya fita da hannu ɗaya idan gobara ta tashi. Kuma in ƙararrawa ta sa an kama mutum, hukuma ake miƙa wa shi. An yi na'urar ne don ta tsare dukiya ba tare da an zubar da jinin kowa ba.

9. Gwaji a aji

Kayan aiki: batiran tocila biyu masu bolt 1.5, ƙwan tocila ko 'yar jiniya mai bolt 3, siririyar waya mai rufi, maƙalin shanya na katako, takardar gwangwani mai ƙyalli, guntun kwali, zare, salatif. Batir kaɗai za a yi amfani da shi. Ba ruwanmu da soket.

*Gwaji na ɗaya.* Ku naɗe leɓunan maƙalin biyu da takardar gwangwani, kowanne da tasa wayar. Ku haɗa su a jere da batir da jiniya. Ku sa kwali tsakanin leɓunan, ku ɗaura masa zare zuwa hannun ƙofa. Ku buɗe ƙofa: kwali ya zare, leɓuna su haɗu, ƙara ta tashi. Yanzu ku mayar da kwalin, ku cire waya ɗaya daga batir, ku sake buɗe ƙofa. Ku rubuta abin da kuka ji.

*Gwaji na biyu.* Ku manna fallen takardar gwangwani biyu a jikin firam, kusa da juna ba su taɓa ba, kowanne da wayarsa. Ku manna falle na uku a jikin ƙyaure yadda zai haɗa su in an rufe. Ku sa ƙwan tocila a da'irar. Ƙofa a rufe, fitila na ci. Ku buɗe ƙofa; ku rufe ku cire waya; ku mayar ku cire batir. Ku rubuta abin da fitila ta yi a kowane hali, sannan ku kwatanta da gwajin farko.

Taƙaitawa

Kuba tana jinkirta ɓarawo, ƙararrawa tana tona shi, mutanen da suka ji suka fito su ne ke korar sa. In ɗaya ya ɓace cikin ukun, sauran biyun sun raunana. A cikin tsare-tsaren ƙararrawa, wanda ya fi aminci shi ne mai rufaffiyar da'ira, domin shirunsa yana da shaida: wata 'yar wuta da ba ta kai miliamfiya uku ba tana zuwa ƙofa tana dawowa, tana cewa komai na nan yadda aka bar shi. Duk na'urar tsaron da aka kawo muku nan gaba, ku fara yi mata tambayar da muka yi wa ta Pope: ranar da ta lalace, ta yaya zan sani?

Aikin gida

1. Bayyana bambancin buɗaɗɗiyar da'ira da rufaffiya da kalmominka.
2. Zana hoton ƙararrawar lantarki, ka nuna inda da'ira ke yankewa.
3. Batir mai bolt 9 ya haɗu da rezista mai om 2,000. Miliamfiya nawa za ta gudana?
4. Na'ura tana shan amfiya 0.35 daga batir mai amfiya-awa 7. Awa nawa za ta yi a kan takarda?
5. Me ya sa bai kamata makullin da ke buɗe ƙofa ya zama shi kaɗai ne ke kashe ƙararrawa ba?
6. Duba ƙofar gidanku. Ta ƙarfe ce ko ta katako? Rubuta inda za ka kafa makunni, inda waya za ta bi, da inda jiniya za ta zauna, tare da dalilinka a kan kowanne.